Yankari ya sha sauya hannu

A 1956 gwamnatin Jihar Arewa ta keɓe dajin Yankari, a yankin Alkaleri na ƙasar Bauchi, domin kare namun daji, aka buɗe shi ga baƙi a Disambar 1962. Gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991 ta mai da shi gandun ƙasa, sai kuma a 2006 ya koma hannun Jihar Bauchi.

Tun kafin a shata masa iyaka mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, mutane sun zauna a wannan daji. Rijiyoyin Dukkey da aka fafe cikin dutse, kogunan dutse na Marshall da tsofaffin wuraren narka tama duk aikin hannunsu ne. Amma yawancin baƙi iyakarsu ruwan ɗumin Wikki, wanda zafinsa ke tsaye a kusan digiri 31 rani da damina. Su yi wanka, su ɗauki hoto, su juya. Ba mu ga laifinsu ba, ruwan akwai daɗi.

Damuwarmu ƙauyukan da ke bakin dajin ne. Yankari na cikin 'yan wuraren da giwaye suka saura a Najeriya, kuma giwa ba ta san shinge ba. Dare ɗaya takan tattake gonar dawar da manomi ya yi damina yana nomewa. Wanda aka bari da irin wannan asara ba zai tona asirin mafarauci ba. Ya kamata gwamnatin jiha ta ware wani kaso na kuɗin shiga dajin don biyan diyyar amfanin gona, ta kuma riƙa ɗaukar 'ya'yan ƙauyukan aikin gadi.