Shekara Biyar da Aka Ƙara Mana, Me Za Mu Zuba a Cikinsu?

'Yan'uwa malamai, a watan Afrilun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta ɗaga shekarun ritayar malamin makaranta daga 60 zuwa 65, shekarun aiki kuma daga 35 zuwa 40. Mun yi murna, kuma murnar tana kan hanya, domin ƙungiyarmu ta daɗe tana fafutukar haka. Amma doka kwanaki kawai take iya ƙarawa. Abin da ke tayar da mutum da asuba ya nufi aji da zuciya ɗaya, wannan babu majalisar da za ta rubuta shi.

Tun muna yara aka koya mana tsoron son abu. An ce kwaɗayi mabuɗin wahala, kuma ba a yi ƙarya ba. Sai dai mun ja wannan magana har ta rufe abin da bai kamata ta rufe ba. Malami ya ce yana son ƙaro karatu, sai a ce ya cika buri. Malama ta nemi a ba ta ajin da take sha'awar koyarwa, sai a ce da ita ta gode wa Allah da ta samu aikin ma. A hankali muka koyi ɓoye muradinmu, har wasunmu suka manta inda suka ajiye shi. Kowa a cikinmu ya san littafin shirin darasin nan da ya yi shekara goma sha biyar ana kwafe shi, kwanan wata kaɗai ke sauyawa. Mai shi ba rago ba ne. Sau da yawa mutum ne da ya shigo aikin da ƙishirwa, aka yi ta ce masa ya haƙura har ya haƙura.

Magabatanmu ba su ji kunyar buri ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa yana malamin Midil ta Bauchi ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan a 1945. Malam Aminu Kano, shi ma daga wannan makaranta, ya bi sahu a 1946, ya dawo ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948. Abin lura a nan shi ne yadda son ci gaban kai ya haifi son ci gaban 'yan'uwa: wanda ya je ya gani, shi ne ya dawo ya ƙi yarda da halin da malamai ke ciki.

A nan dole mu yi hattara, domin akwai masu son jin wannan magana daga bakinmu don su mayar da ita makami. Su ne masu cewa ladan malami yana Lahira, kamar dai mai gidan haya da mai shagon magani za su jira har can. Sha'awar aiki tamu ce, ba mu ba kowa ita jingina a madadin albashi ba. Malamin da ƙarin girmansa ya maƙale shekara da shekaru, wanda ke sauka daga aji ya hau babur neman na cefane, ba a yi masa adalci ba idan aka tuhume shi da mutuwar zuciya. Wuta ba ta ci sai da itace.

Duk da haka, akwai rabon da ke wuyanmu. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, tana ba da karatun NCE da difloma ta koyarwa ba tare da mutum ya bar aikinsa ba. Gemu ba ya hana ilimi, balle furfurar ɗan shekara hamsin da yanzu yake da sauran shekaru masu yawa a gaban allo. Iyalanmu kuma, waɗanda su ke jure rashinmu a ranakun Asabar, muna roƙon su daure.

Saboda haka muna ba da shawara: a taron reshe mai zuwa, duk wanda ya taɓa neman hutun ƙaro karatu aka yi shiru da takardarsa ya zo da kwafinta. A tattara su, a ƙidaya, shugabanninmu su kai su gaba tare da batun albashi a zama guda.