Dokin Mutanen Sin

Wani ɗan'uwa ya rubuto mini daga Kano, ya ce ƙanensa ya komo daga fatauci a birnin Guangzhou na ƙasar Sin da takardar kaya, a ƙarshenta akwai wannan alama 马, wai sunan mai masaukinsa ke nan, mutumin kuwa Musulmi ne. Wani ya gaya musu ma'anarta doki, gardama ta tashi a zaure, ƙaƙa Musulmi zai ɗauki sunan dabba? Ya roƙe ni in raba musu gardamar.

To, malam, wanda ya ce doki bai yi ƙarya ba. Tun wajen shekara 1200 kafin haihuwar Annabi Isa mutanen Sin su ke zana wannan kalma bisa ƙasusuwa da ɓawon kunkuru, a sa'an nan kuwa surar doki ce sosai, ga geza, ga ƙafafu, ga wutsiya. Da zamani ya yi tsawo ta zama 馬, mai zane 10, ɗigo huɗun nan na ƙasa ana cewa su ne ƙafafu. Daga 1956 hukumar Sin ta sauƙaƙe rubutu, aka mai da ita zane 3, watau irin ta takardarku. Mutanen Taiwan da Hong Kong har yanzu tsohuwar su ke rubutawa.

Wajen faɗinta ne a ke zamewa. Da harshen Beijing "ma" a ke cewa, amma sai murya ta sauka ƙasa tukuna, sa'an nan ta ɗan taso. In ka riƙe murya sama ba motsi, uwa ka ce. In ka ɗaga ta kamar mai tambaya, wata irin rama ce. In kuwa ka sare ta daga sama zuwa ƙasa, zagi ka ce, ba wani abu ba. Don haka ina ba ƙanenka shawara, kafin ya sāke kiran mai masaukinsa a gaban jama'a, ya roƙe shi ya faɗi sunan da bakinsa, ya kasa kunne da kyau.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda su ke rubuta uwa, 妈. Sun sa alamar mace a hagun, doki a dama. Ba wai uwa ta yi kama da doki ba. Macen ita ke nuna ma'ana, dokin aro aka yi don amonsa kaɗai. Mafi yawan kalmominsu haka aka ƙera su. Masu cewa rubutun Sin zanen yara ne, su dubi wannan.

Batun suna kuwa, Ma sunan zuriya ne, ya yawaita ƙwarai cikin Musulmin Sin da a ke kira Hui, masana da yawa kuma sun ce gutsuren sunan Muhammadu ne, aka nemi alamar da amonta ya yi kusa. Zheng He, shugaban jiragen ruwan Sin da suka kai gaɓar gabashin Afirka, da aka haife shi a 1371, sunansa na fari Ma He.

Mu ma kada mu yi musu dariya. Harshenmu na hawa da sauka, amma bokonmu ba ya nunawa, ko da ya ke Bargery ya sa alamun murya cikin ƙamusunsa na 1934. Bara aka aiko mini takarda a ofis, "a sa baba a mota zuwa Kano." Na kwana ina neman ko uban wa a ke nufi, ashe buhu uku ne na marina, suna jingine bayan ƙofa.

Haza wassalam, sai wani mako.