Sharhi: Ingila na horar da mataimakan malamai a bakin aiki, amma albashi ya zame mata ƙarfen ƙafa

A makarantun gwamnati na Ingila, mataimakin malami ne yakan wuni a gefen yaro mai buƙata ta musamman. Shi ke lallashin mai lalurar galahanga idan hayaniyar aji ta dame shi, shi ke maimaita wa mai matsalar ji abin da malami ya faɗa, wani lokaci har ciyarwa da kai yaro banɗaki suna wuyansa. Alƙaluman ma'aikatar ilimi ta ƙasar sun nuna cewa irin waɗannan ma'aikata sun haura 280,000 idan aka yi lissafi da ma'aunin cikakken lokacin aiki, kuma mafi yawansu mata ne.

Nauyin da ke kansu ƙaruwa yake yi. Wata dokar yara da iyali ta 2014 ta samar da takardar da ke tilasta wa hukumomi biyan buƙatun ilimi da lafiya da kulawa na yaro ko matashi har zuwa shekara 25. A 2015, masu irin wannan takarda da wadda ta gada ba su wuce kimanin 240,000 ba. A Janairun 2025 sun zarce 630,000. Ofishin binciken kuɗi na ƙasar ya bayyana a Oktoban 2024 cewa tsarin ba zai ɗore ba ta fuskar kuɗi, duk da cewa kasafin da ake ware masa ya kai fam biliyan 10.7.

A wannan yanayi ne koyon aikin a bakin aiki ya samu karɓuwa. Makaranta takan ɗauki mutum ɗan shekara 16 ko sama a matsayin ma'aikaci mai albashi, ya riƙa shiga aji tare da yara, a kuma ware masa wasu sa'o'i na karatu. Horon mataki na uku yakan ɗauki kimanin wata 18, sannan mai tantancewa daga waje ya zo ya ga yadda yake aiki a aji, ya kuma tattauna da shi kan abin da ya tattara na ayyukansa. A 2024 an ƙara mataki na biyar, wanda ke ba mataimaki damar ƙwarewa a fannin masu buƙata ta musamman. Kuɗin horon na fitowa ne daga harajin da aka ɗora tun Afrilun 2017 kan ma'aikatun da jimillar albashinsu ta wuce fam miliyan uku a shekara, wato kashi 0.5 cikin ɗari.

Dalilin nacewa kan horon ya samo asali ne daga wani bincike da ya girgiza masu tsara manufofin ilimi. Farfesa Peter Blatchford da abokan aikinsa a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Landan sun bi diddigin ɗalibai sama da 8,000, suka fitar da sakamako a 2009 cewa yaran da suka fi samun taimakon mataimakan malamai su ne suka fi tafiyar hawainiya a karatu, ko da an yi la'akari da lalurarsu. Masu binciken ba su ɗora laifin kan mataimakan ba. Abin da suka gano shi ne makarantu kan miƙa yaron da ya fi kowa buƙatar gwani ga wanda ya fi kowa ƙarancin horo, malamin kuma ya fuskanci sauran ajin. Mataimakin da ba a ba shi lokacin tsara darasi tare da malami ba yakan karkata ga ganin an kammala aikin da ke gaban yaro, har ya faɗa masa amsa, fahimtar kuwa sai abin da Allah ya yi. Bayan haka gidauniyar Education Endowment Foundation ta nuna cewa idan aka horar da mataimaki kan tsararren shiri na mutum ɗaya ko ƙaramin rukuni, yara kan samu ƙarin ci gaba na kimanin wata huɗu.

Sai dai horo bai isa ya riƙe ma'aikaci ba. Mafi ƙarancin albashin mai koyon sana'a a shekararsa ta farko ya kasance fam 7.55 a sa'a a Afrilun 2025, alhali na ɗan shekara 21 zuwa sama ya kasance fam 12.21 a lokacin. Ko bayan kammala horon, yawancin mataimaka ana biyansu ne na makonnin zangon karatu kawai, abin da ke zaftare kuɗin shekara ƙwarai. Shugabannin makarantu sun sha kokawa cewa manyan kantuna na janye musu ma'aikata. Akwai kuma haɗarin cewa makarantar da kuɗi ya yi wa ƙaranci ta ɗauki mai koyo don arharsa, ta damƙa masa yaro mai lalura mai tsanani tun makon farko, wato a sake faɗawa ramin da binciken 2009 ya tona asirinsa.

Gwamnatin jam'iyyar Leba ta sanya batun farfaɗo da hukumar sasanta albashin ma'aikatan tallafi na makarantu, wadda aka sanar da rushewarta a 2010, cikin dokarta ta haƙƙin ma'aikata. Ana sa ran hukumar ta duba albashi da horo da matakan ƙarin girma, sai dai duk ƙarin da ta amince da shi daga kasafin makarantu zai fita, muddin baitulmali bai ƙara musu kuɗi ba.