Marubutanmu, Ku Sauko Daga Jirgin Alhaji

Yau da marubutanmu nake, kuma wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, don ba zan yi rufa-rufa ba.

Littafi nawa muka karanta kashi-kashi a nan wanda jaruminsa matuƙin jirgin sama ne? Kyaftin wane, fari, dogo, mai saje, ƙamshin turarensa na riga shi shiga falo. Ko kuwa Alhaji ne mai jirgin kansa, a ɗauki amarya daren biki sai Dubai. To amma ku lura, tun daga shafin farko har "Alhamdulillahi, nan na kawo ƙarshe", wannan kyaftin ba ya tuƙi. Ba ya duba mai, ba ya tambayar yanayi, hazo bai taɓa hana shi tashi ba, gabansa bai taɓa faɗuwa ba sai in budurwa ta ƙi ɗaukar waya. Jirgin nan da gadon alfarma da motar da ke harabar gida duk abu guda ne a wurin marubucin, kayan nuna arziki. Ni kuwa ina ganin wannan rowa ce ake yi wa mai karatu, kuma tana da illar da ta wuce adabi.

Ni ɗan ƙasar Ruma ne, a Batsari aka yanke cibiyata, dangin mahaifiyata suna wajen Runka ta Safana. Ina da lasisin tuƙin ƙaramin jirgi, irin wanda ba a ɗaukar fasinjan kuɗi da shi. Ba ni da jirgi, haya nake yi in aljihu ya yarda. Ƙa'idar duniya ita ce mutum ya kai shekara 17, likita ya tabbatar da lafiyarsa, ya ci jarrabawar yanayi da dokokin sama da karatun taswira, sannan ya yi aƙalla awa 40 a sama, wasu shi kaɗai. Jirgin da aka fi koyo da shi a duniya, Cessna 172, kujera 4 gare shi, cikinsa bai kai na tasi faɗi ba, gudunsa wajen kilomita 200 a awa. Babu mai kawo shayi. Kafin ka tashi sai ka zagaya shi kana taɓawa kamar mai sayen akuya, ka tsiyayo mai daga fiffike a ɗan kofi ka ɗaga wa rana ko ruwa ya shiga.

Kafin ƙasarmu ta rikice na taɓa tashi daga Zariya zuwa Katsina, tafiyar kamar awa guda, arewa sak. Ƙarshen damina ne, da sassafe, don da rana ta take iska mai zafi ke tasowa daga ƙasa ta riƙa jijjiga ka kamar motar kasuwa a hanyar burji. Malumfashi ta wuce ta ƙarƙashina, sai ga ruwan dam ɗin Zoɓe yana walƙiya kusa da Dutsin-Ma. Da na dubi hagu, can yamma, sai na hangi dajin Rugu ya yi duhu har inda ido ya tsaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne burtalai. Daga sama za ka ga hanyar shanu ta taho da faɗinta, ta riƙa tsukewa, gonaki suna cin ta dama da hagu, har ta mutu a tsakiyar dawa ba ta isa mashaya ba. Za ka ga bakin dajin ya zama kamar tabarmar da ɓera ya ci. Abin da daga baya masana suka cika takardu suna bayani a kai, ga shi nan shimfiɗe, ko wanda bai yi boko ba zai karanta. Wane littafinmu ne ya taɓa nuna wa mai karatu ƙasarsa ta wannan fuska?

Kada wani ya ce ai jirgi baƙo ne a wurinmu. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage 3 na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa na Kano, shekara 100 ke nan cif a 2025. Makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya tun 1964 take. A Kaduna an harhaɗa ƙananan jirage 60 masu suna Air Beetle domin horar da sojan sama, kuma abin dariyar shi ne asalinsu samfurin RV-6A ne, wanda a Amurka mutum ke saye gunduwa-gunduwa ya haɗa a garejin gidansa don nishaɗi. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin Honda da tarkacen motoci, ya ɗaga ƙafa 7 daga ƙasa. Jaridun duniya suka buga, muka tafa, muka manta. Ga jarumin littafi a tsaye da ƙafarsa, amma marubutanmu suna can wajen zaɓar wa Kyaftin launin shadda. Umaru Dembo tun 1969 ya kai yaro sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya. Shi ya yi ƙarfin halin, mu jikokinsa mun tsaya a falo.

Wasu al'ummu kuwa sun mai da tuƙin nan adabi. Bafaranshen nan Saint-Exupéry wasiƙu yake kaiwa da ƙaramin jirgi ta saman Sahara, ya faɗi a hamadar Libiya a 1935, ƙishirwa ta kusa kashe shi, daga nan ya samo littattafan da har yau ake karantawa. Beryl Markham a Kenya ta girma, ta yi tuƙi a can, ta ƙetare tekun Atlantika ita kaɗai a 1936, ta rubuta labarinta. A 2017 ɗan Nijeriya, Ademilola Odujinrin, ya kammala zagaya duniya shi kaɗai a jirgi mai inji ɗaya. Mutum nawa cikin masu karanta wannan suka taɓa jin sunansa?

Na san abin da za a ce mini, don an sha faɗa mini a ido: mutanenku na mutuwa kai kana zancen shawagi. Ba sai an tuna mini ba. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari. A Disambar shekarar aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara aka nausa daji da su. A Satumbar 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana, muka yi watanni ba ma jin muryar iyayenmu. Ni kaina ba zan kai ƙaramin jirgi saman Rugu ba ko an biya ni, tunda a Yulin 2021 'yan bindiga sun harbo jirgin yaƙi a Zamfara, matuƙin da lema ya tsira. Wanda ya kakkaɓo jirgin yaƙi, me zai bar wa Cessna?

Amma ku tsaya ku duba abin da ya faru da samanmu. Yaron da aka haifa a Wagini ko Zakka cikin shekarun nan iri ɗaya ya sani na jirgi. In ya ji ƙara daga sama, ba ya fitowa yana ɗaga hannu kamar yadda muka yi muna yara, ƙarƙashin gado yake nema. A Fabrairun 2025 rahotanni suka zo cewa harin jirgin soja ya rutsa da fararen hula a yankin Zakka. Ga kuma jita-jitar da ta cika gari shekara da shekaru cewa jirage na sauka daji suna kai makamai, har a Maris 2021 gwamnatin tarayya ta hana shawagi a samaniyar Zamfara. Al'ummar da babu mutum goma a cikinta da za su bambance ƙarar wannan jirgi da wancan, ko su san cewa kowane jirgi yana da lambar rajista a jikinsa da za a iya karantawa a rubuta, ba ta iya tabbatar da komai, ba ta iya ƙaryata komai. Sai tsoro da "an ce". Sama ta zama ta soja da ta attajiri, mu sai kallo, kuma littattafanmu suna koya wa yara cewa haka Allah ya tsara.

Sai masu cewa abin na masu kuɗi ne. Da tsada, ban musa ba. Man da ƙananan jirage masu fistin ke sha wahalar samu yake a ƙasar nan, shi ya sa ma makarantar Zariya ta sayo jiragen Diamond masu shan man manyan jirage. Amma kuɗin lefe da dina da kamu na biki ɗaya daga cikin irin waɗanda kuke siffanta mana zai kai yarinya ta gama awa 40 ɗinta da canji. A ƙasashen da abin ya zauna, mutum goma ke haɗa kuɗi su sayi tsohon jirgi guda, kamar adashe. Ƙungiyar masu tuƙin nishaɗi ta Amurka tun 1992 take ɗaukar yara kyauta a zagaya da su, sun wuce miliyan 2. Kuma daga cikin masu wasan ake samun masu aikin. Likitocin da ke yawo da jirgi a Kenya tun 1957 da ƙananan jirage suka fara. Nan kusa da mu asibitin Galmi a Nijar yana da ɗan filin saukarsa. In tsuntsayen jan-baki suka far wa shinkafa a Kebbi ko Jigawa, ƙaramin jirgi ake nema ya yi feshi.

Haɗari kuwa akwai shi, kuma shi ne ma abin da mai labari ya kamata ya yi wawaso a kai. Gwamnan Taraba Danbaba Suntai da kansa yake tuƙi sa'ad da jirginsa ya faɗi kusa da Yola a Oktobar 2012, bai sake komawa daidai ba har ya rasu a 2017. Mai ƙaramin lasisi da idonsa yake tafiya, doka na so ya iya hangen kilomita 5. To ku kwatanta yarinya 'yar Safana a tafiyarta ta farko ita kaɗai, watan Janairu, hazo ya rufo daga arewa, titin da take bi da ido ya ɓace, allurar mai tana sauka, malaminta yana ƙasa da rediyo a hannu ba abin da zai iya yi mata sai magana. Za ta juya, ko za ta ci gaba don kada a ce ta ji tsoro? Wannan babi ɗaya ya fi mini faɗan kishiyoyi arba'in.

Daga Katsina zuwa Batsari ta sama ba ta kai kilomita 50 ba, rubu'in awa ke nan, daga Batsari zuwa Safana ma kusan haka. Duk marubuciya ko marubucin da ke son sanin yadda ake duba jirgi kafin tashi, ko abin da matuƙi ke faɗa wa hasumiya, ko yadda hannu ke rawa a saukar farko, ya aiko da tambayarsa ta hannun mai kula da dandalin nan, zan amsa kyauta. Sharaɗina ɗaya ne, jirgin ya tashi a cikin littafin, kuma ya bi ta saman gonakin rogon Batsari kafin a kai shi Dubai.