Kyautar tsohuwar mota: nawa ke isa hannun mabukaci?

A ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta daɗe tana yaɗuwa. Idan magidanci ya ga babbar motar iyalinsa ta tsufa, yara sun girma kowa ya kama gabansa, maimakon ya kai ta kasuwa sai ya kira wata ƙungiyar agaji ya ce a zo a ɗauka, ya bayar sadaka. Motocin da ake magana a kansu su ne manyan nan da ake kira kat-kat a Nijar, masu ɗaukar mutum bakwai zuwa tara, kamar Chevrolet Suburban, wadda aka fara ƙerawa tun 1935, ko Ford Expedition. Ƙungiya takan aiko a ja motar, a bar wa mai kyauta takardar shaida. Da wannan takarda ne hukuma ke rage masa harajin shekara.

Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce ai kowa ya ci riba: mai mota ya huta da ita, ƙungiya ta samu dukiya, talaka ya samu taimako. Niyyar masu bayarwa kuwa ba abin zargi ba ce. Amma sadaka ba a auna ta da girman abin da ya fita daga gidan mai bayarwa, ana auna ta da abin da ya shiga hannun wanda aka yi ta dominsa. A nan ne maganar ta ɗan karkace.

A watan Nuwamba na 2003, ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka, wanda ake kira GAO, ya fitar da rahoto a kan wannan sha'ani. Ya gano cewa a shekarar 2000 kaɗai, takardun haraji kimanin 733.000 ne suka nemi ragi saboda kyautar mota, kuma abin da baitulmali ya yafe ya kai dala miliyan 654. Mai karatu ya lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi mai faran biyar ba. Sannan masu binciken suka ɗauki motoci 54 suka bi sawunsu tun daga ƙofar mai kyauta har asusun ƙungiya. Cikin kowace uku, biyu abin da ƙungiya ta samu daga gare su bai wuce kashi 5 cikin 100 na kuɗin da mai kyauta ya rubuta wa hukumar haraji ba. Akwai wata mota ƙirar 1983 da mai ita ya yi mata kuɗi dala 2.400. An sayar da ita a gwanjo dala 375. Bayan an cire ɗawainiya, an raba saura da dillali, ƙungiyar agaji ta tashi da dala 31 da rabi.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Yawancin ƙungiyoyin ba su da gareji, ba su da makanike, ba su ma taɓa ganin motar da idonsu. Kamfani ne ke karɓa da sunansu, ya biya kuɗin ja, kuɗin talla a rediyo da jaridu, kuɗin ajiya da ladan masu gwanjo, ya ɗebi rabonsa, abin da ya rage shi ne na marayu da marasa lafiya. Shi kuma mai kyauta, da yake a wancan lokaci shi ke yi wa motarsa kuɗi, ba ya rubuta farashin gwanjo, sai ya rubuta farashin da ransa ke so.

Majalisa ta gyara dokar a 2004, gyaran ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2005. Tun daga ranar, idan kuɗin da mutum ke nema ya wuce dala 500, ba za a lissafa masa fiye da abin da aka sayar da motar a zahiri ba, kuma wajibi ne ƙungiya ta ba shi takarda mai nuna farashin. Amma dokar ta bar ƙofa uku: idan ƙungiya ta riƙe motar tana aiki da ita sosai, ko ta yi mata babban gyara, ko ta ba wani mabukaci kyauta ko a farashi mai rahusa ƙwarai, to mai kyauta yana iya lissafa darajarta ta kasuwa. Wannan rarrabewa tana da hikima, domin ta fifita motar da ta yi wa talaka aiki a kan wadda ta bi ta hannun dillalai kurum. Daga baya, dokar haraji ta 2017 ta ƙara yawan ragin da ake yi wa kowa ba tare da lissafin kyaututtuka ba, har ya zama kusan mutum tara cikin goma wannan ragi suke ɗauka. Ga irin waɗannan mutane, kyautar mota ba ta rage masu ko sisin kwabo. Abin da ya rage masu shi ne ladan niyya, don haka sun fi kowa cancantar sanin inda kyautarsu ta sauka.

Akwai ƙungiyoyin da suka ɗauki hanya mafi wuya. Good News Garage, wadda aka kafa a 1996 a garin Burlington na jihar Vermont, tana karɓar mota, ta gyara ta, ta miƙa ta ga iyalin da rashin abin hawa ya hana su zuwa wurin aiki. Wannan aiki ne na a yaba. Sai dai ko a nan babbar mota tana da tata matsala. Injinta mai silinda takwas yana shan kusan lita 15 a kowane kilomita 100, tankinta kuma ya fi lita 100. Matar da ke neman abin da za ta kai yara makaranta ta wuce wurin aiki, idan aka ba ta irin wannan mota, an ba ta doki ne ba a ba ta harawa ba. Saboda haka sayar da motar ba laifi ba ne, sau da yawa ma shi ne daidai. Laifin shi ne a sayar a ɓoye lissafi. Magidancin da ya sayar da motarsa da kansa ya kai wa ƙungiya kuɗin a dunƙule, sau da yawa ya fi wanda ya miƙa mabuɗi amfanar da mabukata, ko da yake ya fi shi shan wahala.

Maganar ba ta tsaya a Amurka ba, domin wani ɓangare na motocin da ake sayarwa a gwanjon can jirgin ruwa suke shiga. Hukumar kare muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Japan da Amurka sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Shekara da shekaru tashoshin Kwatano da Lome sun sauke irin waɗannan motoci, da yawa daga cikinsu suka shigo Nijar. Wani lokaci kuma ba ɗan kasuwa ne ke kawo su ba, wata ƙungiya ce ko wani ɗan ƙasa mazaunin waje ke aiko wa garinsu da mota don ɗaukar marasa lafiya.

A nan ne nauyi ya hau kan magadan gari da shugabannin gidajen likita. Daga Yamai zuwa Damagaram kimanin kilomita 900 ne, ke nan irin wannan mota za ta sha wajen lita 135 na esansi a zuwa kaɗai, alhali motocin aiki da makanikan karkara suka saba da su yawanci gazuwal suke sha. Kafin ma'aikaci ya sa hannu a takardar karɓa, ya kamata ya san shekarar da aka ƙera motar da nisan da ta riga ta yi, ya san wanda zai biya duwan da inshora, ya duba ko kasafin kuɗin gundumarsa ya tanadi mai da albashin direba, ya kuma aika a tambayo masu sayar da kayan gyara na Maraɗi ko Tawa ko suna da na wannan ƙira. Idan amsoshin ba su gamsar ba, ya halatta ya yi godiya cikin ladabi, ya roƙi masu kyautar su sayar da motar a can inda take, su aiko da kuɗin a sayi magani ko a gyara wadda ke ajiye a harabar likita.