Haɗa Hoto Ba Tsafi Ba Ne, Mu Daina Hana Yaranmu Koyo



Duk bikin da za a yi a Agege ko Idi-Araba sai an buga katin gayyata. Saukar Alƙur'ani sai da fosta, naɗin sarauta sai da bana, mai shago a Mile 12 yana son hoton kayansa ya yi kyau kafin ya sa a WhatsApp. To wa ke yi mana wannan aikin? Ban da 'yan ƙalilan, kuɗinmu muke ɗauka mu kai Shomolu, a rubuta mana Hausa ba ƙugiya ko ɗaya, ƙasa ta koma kasa, ɗa ya koma da, mu biya mu yi godiya mu dawo. Ba laifin masu ɗab'in ba ne, harshen ba nasu ba ne. Laifin yana wuyanmu.

Da zarar an ce a koya wa matasanmu gyaran hoto da haɗa shi, hujja biyu ake kawowa, kuma duk biyun ba su da ƙafa.

Ta farko ita ce kuɗi. Wai sai da Photoshop, shi kuwa tun 2013 kamfanin Adobe ya koma karɓar kuɗin wata-wata, da dala. Gaskiya ne. Amma wa ya ce ƙofa ɗaya ce? Akwai manhajar GIMP wadda ɗalibai biyu, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1995, har yau kyauta ce, ba ko sisi, kuma a watan Maris na 2025 aka fitar da GIMP 3.0. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, idan ka sauke ta sau ɗaya ba ta ƙara neman data. Akwai Inkscape ga mai zana tambari, Photopea da ake buɗewa a intanet ba sai an sauke ba, ga Snapseed na Google a waya. Abin takaici, maimakon waɗannan, sai ka ga yaro ya je kasuwa an ɗura masa Photoshop na sata, wanda sau da yawa yake zuwa da cutar da za ta kashe masa kwamfuta ko ta kwashe masa bayanai. Ga halal a gabanka kyauta, ka tsallake ka sayi na sata. Wace irin dabara ce wannan?

Hujja ta biyu ta fi ci mini rai, domin daga bakin manya take fitowa: wai haɗa hoto aikin 'yan damfara ne, koya wa yaro shi koya masa ƙarya ne. Iyayenmu, da girmamawa, wannan magana a juye take. Wanda bai san yadda ake haɗa hoto ba, shi ne ake yaudara da hoto.

Ga yadda abin yake. Ka ɗauki leda mai haske guda uku, ka zana masallaci a ta farko, mutum a ta biyu, rubutu a ta uku, ka ɗora su kan juna. Ido zai ga hoto ɗaya, alhali falle uku ne, kuma za ka iya zare ɗaya ka bar sauran. Duk sirrin haɗa hoto ke nan, falle a kan falle. Ana zagaye mutum a yanke shi daga bayan hotonsa, a ɗora shi a wani wuri. Gwani ba ya goge bayan gaba ɗaya, rufe shi yake yi da wani marufi wanda inda ka shafa baƙi zai ɓuya, inda ka shafa fari ya dawo, don in an yi kuskure a gyara. Aikin da bai ƙare ba GIMP na ajiye shi a matsayin XCF da fallayensa duka. In an gama a fitar da shi JPG, ko PNG idan ana son bayansa ya zauna fayau ba launi, kamar tambarin shago.

Yaron da ya yi wannan da hannunsa sau goma ya san inda ake kama maƙaryaci. Ya san cewa idan rana ta bugi gini ta dama, ba ta yadda za a yi ta bugi fuskar mutumin da ke gabansa ta hagu. Ya san gashi da bakin rawani su suka fi wuyar yanka, can zai fara duba. Ya san mutumin da aka dasa a wuri yakan rasa inuwa a ƙarƙashin ƙafarsa, sai ka ga kamar yana shawagi. Ya kuma san a sa hoto a Google Lens a ga ranar da ya fara yawo, domin ƙarya da yawa ba ma haɗi ba ce, tsohon hoto ne aka yi wa sabon labari.

Mu da muke zaune a Kudu bai kamata a yi mana dogon bayani kan haɗarin wannan ba. A 2018 BBC ta yi bincike kan rikicin jihar Filato, ta nuna yadda aka yaɗa hotuna a Facebook ana cewa na rikicin ne, alhali wani daga ciki ma daga ƙasar Kwango ya fito, shekaru kafin nan, kuma 'yan sanda suka ce hotunan sun taimaka wajen hura wutar da ta ci rayuka. Yau in irin wannan hoto ya faɗo zaurukanmu na WhatsApp da tsakar dare, mutum nawa muke da su da za su duba su ce a dakata? Masu turawa kuwa ba su ƙirguwa.

Ban ce ba za a sami ɓata-gari ba. Za a samu, kamar yadda ake samun mai rubuta takardar bogi, kuma ba wanda ya taɓa cewa a rufe makarantar boko saboda shi.

Sai batun abinci. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ta kuma ƙara wasu daga baya, kowa ya san yawan yaranmu da suka koma zaman majalisa, waya a hannu tun safe. Ba na cewa GIMP zai azurta kowa. Amma hoton fasfo, gyaran tsohon hoton kaka da ya koɗe, katin biki, tallan shago, duk aiki ne da ake biya, kuma masu buƙata suna cikin unguwa. Abin da ke raba mai koyo da gwani ƙananan abubuwa ne: ka san aikin da za a buga a takarda yana son ɗigo 300 a kowane inci, ka san WhatsApp na matse hoto ya rage masa kyau sai in an tura shi a matsayin fayil, ka sa haruffan da ke da ɓ da ɗ da ƙ.

Don haka ina kira ga shugabanninmu. Kuɗin kanofi da kujeru na taro guda ya isa ya kama hanyar sayen laftof na hannu ɗaya ko biyu. A ba da ɗaki awa biyu ranar Asabar, a nemo cikinmu waɗanda suka iya, don akwai su, a fara da yara goma, mata biyar maza biyar. Fostar taronmu na gaba su za a ba, a kuma biya su kamar yadda ake biya a Shomolu.

Wassalam.