Ƙuri'ar Yauri ba ta cikin waya

Wata magana ta zama ruwan dare a bakin masu neman kujera, wai zaɓen yanzu a waya ake cin sa. Shi ya sa daga kansila har sanata kowa ke ɗibar samari ya saya musu data, su wuni suna kambama shi a Facebook da TikTok, suna yi wa abokin hamayya wankin babban bargo. A ƙasar Yauri wannan lissafi asarar kuɗi ne kawai.

A zaɓen shugaban ƙasa na 2003, lokacin da salula ke hannun 'yan ƙalilan, kusan kashi 69 cikin ɗari na masu rajista aka ce sun fito. A 2015 abin ya sauko zuwa kusan 44, a 2019 kusan 35, a 2023 kuwa kusan 27. Waya tana yawaita, layin zaɓe yana gajarcewa. Wani zai ce alƙaluman da can akwai aringizo, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ce ta tona asiri. To, mu yarda. Ai hakan ya ƙara nuna cewa a shekarar da hayaniyar intanet ta fi ƙamari, kusan mutum uku cikin huɗu sun yi zamansu a gida. Peter Obi, da ya fi kowa amo a intanet, ƙuri'u dubu goma da 'yan kai ya samu a Kebbi gaba ɗaya.

Abin da ke hana mutumin bakin tafkin Kainji fitowa ba rashin ganin fosta ba ne. Bagunge mai noman albasa a tsibiri sai ya bar ban-ruwa, ya nemi kwale-kwale a ranar da aka taƙaita zirga-zirga, ya biya kuɗin mai daga aljihunsa. Ruwan kuma yana da tarihi: a watan Mayun 2021 jirgi ya nutse kusa da Wara a Ngaski da mutane fiye da ɗari. A watan da ya biyo baya 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. Magidancin da ya ga waɗannan, wane bidiyon minti ɗaya zai sa ya tura matansa rumfar da ke bayan gari?

Babbar hujjar masu cewa a waya ake cin zaɓe ita ce saƙon murya na WhatsApp, wanda ke shiga ƙauyukan Shanga ba sai an iya karatu ba. Gaskiya ne, yana shiga. Amma ana saurarensa ne don an san mai muryar: liman ne, ko sarkin ruwa, ko uwar adashi, wani sa'in ma da Gunganci ko Kambarci. Amana ce ke aiki a nan, kuma yaron da aka ɗauka haya a Birnin Kebbi ba shi da ita. Ɗan takarar da ke son jama'a su fito, ya tabbatar sun karɓi katinsu na zaɓe, ya matsa wa hukumar zaɓe ta INEC ta kusanto da rumfuna tsibirai, ya nemi a girke jami'an tsaro tun jajibiri.